Famfon Petar a Beltsville

Bowie

Na sallame sallar asuba ke nan motar Alhaji Isaka ta tsaya a ƙofar gidan 'yata Hadiza a garin Bowie, a Amurka. Bahaushen Kumasi ne, tasi yake ja, don a unguwar nan wanda ba shi da mota ko gishiri ba zai sayo ba. Na ce wa Hadiza Wheaton zan je neman daddawa. Ta dube ni, ta dubi duhun waje.

Ga abin da ya fitar da ni. An yi wa Hadiza tayin aiki a wani ɗakin binciken tsirrai a Beltsville, kuma zamanta a Amurka a kan aikin nan ya rataya. Da ta faɗi sunan shugaban wurin, Dakta Petar mutumin Bulgeriya, nan take na gane shi. Abokin ɗakina ne a Sofiya, babban birnin ƙasarsu, zamanin da gwamnati ta tura mu karatun aikin gona. Wai ya gane sunana a jikin nata, ya ce a gaishe ni. Ni kuwa na san ruwa ba ya tsami banza.

A hanya

Muka hau babban titi, motoci jefi-jefi. Na nuna wa Alhaji Isaka wata na'ura a kan sanda.

"Wannan me take ɗauka?"

"Masu gudu kawai, Alhaji."

"Haka suke cewa."

Ya yi dariya. "Wurin wa za mu ne, kake ta waige?"

Sai na ba shi labarin Sule. A shekarunmu na ƙarshe sabon shugaban Mosko ya ce kowa ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Shugabannin Sofiya suka amsa da fatar baki, suka ci gaba da halinsu. Har ta kai jaridun Rasha sun fi na gida tsaurin ido, ana layi a kansu. Sule, abokina ɗan Gusau, ya karanta ɗaya a ɗakinmu ya ce, "Uban gida ya kwance rawani, yaran gida sun ƙi." Mu uku ne a ɗakin, ni da Sule da Petar. Kafin wata ya ƙare an sa Sule a jirgi zuwa gida, babu digiri, kuma bai sake miƙewa ba har ya rasu.

Beltsville

Rana ta ɗan ɗaga muka isa. Ƙaramin gida ne, da tumatir da tattasai a bayansa. Petar ya tsufa, kai duk sanƙo. Ya rungume ni da hawaye, ni kuwa ina kallon hannuwansa. Ya zaunar da ni a kicin, ya kawo shayi da madara mai tsami irin kindirmo. Ban taɓa ba.

Na ce da yarensu, wanda na zaci na manta, "Petar, kai ka kai rahoton Sule?"

Ya tashi ya buɗe famfo, ruwa na zuba da ƙarfi, sannan ya jawo kujera kusa da ni. Haka ake yi a Sofiya idan za a yi maganar da ba a so bango ya ji. Shekara ashirin da rushewar gwamnatinsu, a tsakiyar Maryland, a gidan da ya saya da guminsa.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Duk wanda aka haɗa ɗaki da baƙo, rahoto yake kaiwa. Ni ma na kai. Nakan ce kana salla, kana dafa barkono, ba ka san komai ba sai ƙwallo."

"Sule fa?"

"Sun riga sun sani kafin na je. Maimaita mini maganarsa suka yi, suka ce haka ne? Na ce haka ne."

Ya ce da Mosko ta janye hannu, komai ya zube a 'yan watanni. Masana'antar da ubansa ke aiki ta rufe, don Rasha ta daina saye. Jami'in da yake kai wa rahoto kuma ya cire hula, ya zama mai otal a bakin teku.

"'Yarka ta cancanta, shi ya sa na ɗauke ta. Ba na kai wa kowa komai yanzu."

Na ce, "To me ya sa ruwan yake zuba?"

Ya dubi famfon kamar bai san wanda ya buɗe shi ba.

Wheaton

Muka biya wani kantin 'yan Afirka na sayi daddawar, kada na zama maƙaryaci. A gefensa muka ci shinkafa da wake irin na Gana, da shito, miyar barkononsu mai yaji. Na kwashe komai na gaya wa Alhaji Isaka.

Ya ce, "Ni dai, Alhaji, wanda ya ce na yi ya fi mini wanda ya rantse bai yi ba."

Na ce, "Ko kuma ya san iyakar abin da zai amsa."

"Kai ma fa tun ɗazu raɗa kake yi mini."

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

Komawa

Da la'asar muka iso Bowie lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Isaka da ya jure wa tsoho mai gardama. Hadiza ta karɓi ledar daddawa a kicin.

"Baba, Dakta Petar ya kira ni. Ya ce ka je. In karɓa ko in bari?"

"Ki karɓa, uwata. Amma ki yi sallarki, ki ci barkononki, abin da ke ranki ki dawo da shi gida."

Ta kalli bayana, sannan ta ce, "Baba, me za ka wanke ne?"

Na waiga. Hannuna na kan famfo, ruwa na zuba.