Jakar da Isufu ya ajiye a Lyon

Shekara goma ke nan da rasuwar abokina Malam Isufu ɗan Damagaram, kuma sai bana farfesan da ya kashe masa karatu ya tuna yana ƙaunarsa. Ba zan ambaci sunan tsohon ba, ya saba ganinsa a jarida, kada in ƙara masa.

Tare muka yi jami'a a Saint-Denis, kusa da Paris. Ni lissafi na karanta, shi tsoffin littattafan Ingilishi, musamman labaran halittun da aka yi sannan aka ƙyamace su, har suka juya kan wanda ya yi su. Nakan tsokane shi in ce wannan karatu zai kai shi wuta. Sai ya ce, "Wanda ya yi wa Ubangiji girman kai, ba ruwana da shi. Amma wanda ɗan Adam ya harhaɗa da hannunsa, ya ga muninsa ya gudu ya bar shi, laifin wa?"

Isufu ya taso da tarbiyyar gida. Ba ya kallon malaminsa cikin ido, kuma ba ya barin babba ya ɗauki jaka yana wurin. Farfesan da ke duba kundin digirinsa na dokta bai san cewa wannan ladabi ne da ake yi wa kowane dattijo ba, har mai sayar da goro. Ya ɗauka shi ya mallaki mutum. A gaban baƙi yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan ni na yi shi." Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana koyar da waɗannan labarai, bai taɓa gane kansa a cikinsu ba.

Isufu ya daɗe yana haɗiyewa, domin sa hannun tsohon ne digirinsa, kuma rajistar jami'a ce takardar izinin zamansa a ƙasar. Har ranar wani taro a Lyon, inda farfesan ya umarce shi ya sa babbar riga saboda hoto, ya sake maimaita maganar a kan lasifika. Isufu ya ajiye jakar farfesan da yake ɗauke da ita a tsakiyar zauren ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da iyaye." Ya fita.

Kundin bai ƙara motsi ba. Isufu ya sha wuyar takardu kafin ya samu aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, inda ya zauna har ajali ya riske shi. Ban taɓa jin ya yi nadama ba, amma na san abin ya ci shi.

To bana aka shirya taron tunawa da shi a Paris, da furanni da hotonsa cikin babbar rigar nan. Da yana raye da ya yi dariya, ya ce a labaran ma sai halittar ta mutu ake tausaya mata. Na raka 'yarsa Balkisa, wadda yanzu take karatu inda muka yi. Tsohon ya riƙe hannunta, idonsa ya yi rau-rau, ya ce mahaifinta shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi.

Balkisa ta sunkuyar da kai kamar yadda ubanta ya koya mata, ta ce, "Wanda ya yi shi ya riga ya karɓi abinsa."

Digiri dai Isufu bai samu ba, littafi ma bai bari a duniya ba. Da aka tashi, tsohon ya tsaya yana waige-waige, sannan ya sunkuya ya ɗauki jakarsa da kansa.