Muryar Oga Lamushe

Wata rana ina zaune a wani gidan abinci cikin tashar mota a Kano, ina jiran motar Jos ta cika.

An kunna fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a talabijin. Labarin wani malamin makaranta ne da ya gaji da azzaluman ma'aikata, ya rufe fuska yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Jarumin yana magana da Hausar Kano tsantsa, mai daɗin ji.

Shi kuwa babban ɓarawon, wanda ya cinye kuɗin maganin asibiti, masu fassara sun raɗa masa Oga Lamushe, sun kuma ba shi Hausar ɗan koyo. Mace ya ce "ya zo", namiji ya ce "ta tafi".

Da ya buɗe baki sai wurin ya kaure da dariya. Har da ni. Sai da romo ya sarƙe ni.

Wani matashi da ke gefena ya gyara zama, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni fa na yi muryar nan. Shamwilu sunana."

Nan take aka yo kansa. Ana miƙa masa hannu, ana cewa ya maimaita. Ya maƙale murya ya yi, aka sake fashewa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Wata dattijuwa a bencin ƙarshe, da ƙullin kaya a kan cinyarta.

Ta yafito shi da hannu. Ya je yana murmushi, a zatonsa yabo zai sha.

Da ta fara magana, sai kowa ya juyo.

Hausarta irin ta Oga Lamushe ce sak.

Ta ce daga wani ƙauye take a Filato, ta zo ganin jikarta da ke makarantar kwana. Ta kawo mata gyaɗa da zuma. Yarinyar ta tare ta tun daga bakin ƙofa, ta karɓi kayan, ta roƙe ta kada ta yi magana a gaban ƙawayenta. Wancan zuwan da ta yi, sun ji maganarta, tun daga nan suke kiran yarinyar jikar Lamushe.

Haka ta zauna kusa da jikarta har lokacin ziyara ya ƙare, kamar bebiya.

Shamwilu ya sosa ƙeya. Ya ce, "Mama, wallahi wasa ne kawai, don mutane su yi nishaɗi."

Ta ce, "Ɗana, wanda ya cinye kuɗin rijiyar ƙauyenmu, Hausarsa ya fi naka kyau. Shi me ya sa ba ka yi muryarsa ba?"

Babu wanda ya yi dariyar Hausarta a wannan karon.

Mai abinci ta ɗauki rimot za ta kashe. Dattijuwar ta ce a bari, ita ma tana son ta ga an kama ɓarawon.

Aka bar shi. Oga Lamushe ya ci gaba da zuba, mu kuwa kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

Da kwandasta ya kira fasinjojin motar ƙauyen su dattijuwar, Shamwilu ya karɓi ƙullinta ya kai mata har mota. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ta dafa kansa, ta ce Allah ya yi masa albarka, ta shiga.

Ya dawo ya zauna kusa da ni, bai sake taɓa abincinsa ba.

Can ya ce, "Yallaɓai, a ainihin fim ɗin fa, jarumin da ɓarawon yarensu ɗaya. Ni na ƙara wannan. Kuma yanzu yana cikin wayar kowa, ta ina zan janyo shi?"

Da wane baki zan ba shi shawara? Ni ma na yi dariyar.

Darasi: Sata ba ta da yare, ba ta da ƙabila. Duk wanda ya koyi harshenka, karrama ka ya yi. Kafin ka mayar da maganar wani abin dariya, ka tuna akwai tsohuwar da da wannan bakin take sa wa jikokinta albarka.

Idan kai ma ka taɓa irin wannan dariyar, tura wa wanda kuka yi ta tare.