Tsumma a Ƙafar Farar

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, kawuna mai tuƙa kamyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Dahomai ya kawo mini tsaraba a cikin kwali: ɓerayen Masar guda biyu, mace fara mai jan tabo a ido, da namiji baƙi wuluk. Shekarata goma sha ɗaya, kuma a daminar da ta wuce muka binne mahaifiyata. Ina jin kawu ya gaji ne da ganina zaune a bakin ƙofa, ba um ba um-um.

Kakata, wadda ke riƙona, ta leƙa kwalin ta taɓe baki.

"Ɓera babu wutsiya? Wanga mi za a yi da shi, ci ko kallo?"

Na zaci ranar nan za su hau cinyata. Ina! Inuwata kawai za su gani su ruga ƙarƙashin rumbu su daskare. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, har yau ma ban yi suna a kansa ba. Kwana biyu ina bin su da gudu, ina ƙara musu tsoro. Sai daga baya na lura hannun da ke saukowa daga sama ne suke gudu, kamar yadda kaji ke gudun shaho. Na koma zama a ƙasa bayan la'asar, ganyen dankali a tafin hannuna, ba na motsi har ƙafata ta yi tsami. Ina yi musu magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ba na iya yi da kowa a gidan.

Baƙin bai taɓa matsowa ba. Farar ce, bayan kusan sati uku, ta zo ta fizgi ganye ta gudu. Washegari ta tsaya ta ci a hannuna. Daga nan na koyi ɗaukarta, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe bayanta, ina jin zuciyarta na bugawa a yatsuna. In ta ji takuna sai ta hau fito, kwik-kwik. Ita ce ta fara ba ni dariya tun rasuwar nan, kuma na so ta so mai tsanani.

Da yankan shinkafa ya zo, aka ce duk gidan za mu tafi Tunuga mu kwana ɗaya. Na damu kada farar ta fita ta ɓace.

"Ɗamre ta ga ƙahwa," in ji Kaka, "kamar yadda muke yi ma baƙuwar kaza. Kwana guda ba shi kashe ta."

Haka kowa ke yi a garinmu, ban ga abin musu ba. Baƙin ya ƙi kamuwa, muka ƙyale shi. Ita kuwa kira ɗaya na yi ta zo. Tana cin ganye a hannuna na zarga mata tsumma a ƙafar baya, na ɗaure a jikin ƙafar rumbu, na ajiye mata ruwa a kasko.

Da muka dawo washegari da yamma, ban ji fito ba. Ta yi ta kewaya itacen rumbun har tsumman ya nannaɗe, ƙafarta ta karye. Rana ta juyo ta same ta a fili, kaskon ruwan bai fi taƙi ɗaya daga bakinta ba. Jikinta ya riga ya sandare.

Kaka ta daɗe tsaye a kanta.

"Kaza na sani, ɗiyata," ta ce. "Wagga ban san ta ba."

Na yi fushi da Kaka wata guda, don ya fi mini sauƙi fiye da in yi fushi da hannuna. Baƙin ya ƙara shekara uku a ƙarƙashin rumbu, ya yi ƙiba abinsa. Ina zuba masa ganye daga nesa in juya. Wata rana ya fito ya tsaya kusa da ƙafata yana shinshina, na buga ƙasa na kore shi.