Seidu Mai Riƙe Mana Injin Ɗaga Mota Ya Rasu

Seidu ya rasu. Da safen nan ɗansa ya bugo mini waya daga Kumasi.

Na ce to. Na ajiye wayar, na ƙarasa shan kokona. Har yanzu ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Tare muka yi aikin fita, wato gyaran mota, a wani gareji a Krofrom cikin Kumasi, a 1969, tare muke takowa daga unguwar Zongo kullum. Shi Dagomba ne, ni kuma iyayena daga Sakkwato suka zo.

Shi ke kula da injin ɗaga mota, mai aiki da mai. Tsohon inji ne, ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta fi ɗaya sauri. Sai Seidu ya ɗora kwano cike da ruwa a kan ƙarfen injin, yana ɗagawa yana kallon ruwan. In ya karkata, ya sauke ya sake. Ko mai mota na ihu.

Ba ka isa ka shiga ƙasan mota ba sai ya ce, "Yoo, shiga."

Wata rana ina kwance ƙasan wata mota ina cire giyarta, mai ya fara zuba daga ƙafar hagu. Na ga motar tana sunkuyowa kaina.

"Garba, kar ka tashi. Mirgino dama."

A hankali ya faɗa, kamar yana tambayata sifana. Yana sauke ƙafar dama kaɗan-kaɗan don motar ta daidaita, har na fito. Ya zaunar da ni, ya sayo mini ƙosai. Bai taɓa ba kowa labarin ba.

Ƙarshen shekarar aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. A Zongo aka haife ni, amma abin ya haɗa da ni.

Ranar tafiya ya sa direban motar da za ta kwashe mu ya biyo gareji. Ya ɗaga ta, ya shiga ƙasa da kansa, ya duba birki, ya ɗaure abin da ya kwance. Matata na tsaye da goyo.

Ya fito yana goge hannu. "Za ta kai ku. Je ka, ɗan'uwa, kar na ga fuskarka haka."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Sai wasiƙa, daga baya waya. Kullum ya ce in zo, kullum in ce bayan Sallah.

An ce da azahar za a kai shi. Ni ina nan Sakkwato a zaune.

Ya Allah, wannan bawa naka ya tsare rayukan mutane da hannunsa. Ka tsare shi, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa.

Ba ku san shi ba, na sani. Duk da haka ku ambaci sunansa a sallarku ta yau. Seidu ɗan Alhassan.