Mutumin da Muka Kira Kwana-Uku

Da hantsi ya fito, Ɗan Azumi zai jawo tsohon kwandonsa zuwa gindin bishiyar bedin da ke bakin kasuwa, a ƙauyensu da ke gabas da Kanan-Bakashe. Ya hura garwashi, ya cusa guntun ƙarfe a wuta, ya jira masu fasasshen bokiti da tsinkakken takalmi. Shekara hamsin ke nan yana liƙin roba. Bana hannu ya soma rawa, ido ya yi hazo, 'ya'yansa sun ce aikin ya isa haka. Amma shiga garin ka tambayi gidan Ɗan Azumi, sai a yi ta kallon juna. Ka ce Kwana-Uku, ko akuya sai ta nuna maka ƙofar.

Sunan ba na yabo ba ne. Mu muka laƙa masa, kuma kunyar tamu ce.

A ƙasan kwandon nan akwai tarkacen da ko a juji ka gani ba za ka sunkuya ba: bututun ƙwayar zazzaɓi guda shida, guntun famfon keke, da busassun kararen zurma masu rami. Labarinsu ya faro a farin tamanin da huɗu, zamanin mulkin soja, shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. An turo wa lakwal ɗin garin, wato makarantar boko, kwalin bakunan alƙalami na ƙarfe, amma ƙotocinsu na katako gara ta cinye tun a ma'aji. Malamin lakwal ɗin, Mushe Rufa'i (Mushe muke ce wa malamin boko), ya zo gindin bedi ya tambaya ko da dabara.

Ɗan Azumi ba shi da gonar kirki, ba shi da ko tunkiya. Abin da ya mallaka sunansa ne. Kullum cewa yake, “Abin da hannuna ya gyara, sai dai mai shi ya gaji da shi.” Saboda haka ya zauna ya yi tunani. Abokinsa Danda, makiyayin da shanunsa suka ƙare, yana tsinto ƙaro a daji. Sai Ɗan Azumi ya karɓo ya jiƙa, ya dafa a gwangwanin tumatir har ya yi kauri, ya zuba garin goruba don ƙarfi da launi. Ya shafe cikin bututun da man gyaɗa, ya ɗura, ya soka tsinke a tsakiya don ramin da bakin ƙarfe zai zauna, ya binne cikin rairayi mai zafi. Da suka bushe ya turo su waje, ya kankare, ya goge. Jajaye, sumul, har da sheƙi. Ranar bakinsa bai rufu ba.

Ba a yi mako ba yara suka soma dawowa da bakin ƙarfe tsirara. Wata yarinya, Hamsatu, ta miƙo masa ɗan guntun da ya rage.

“Baba, nawa ya narke.”

Ya juya guntun a tafin hannunsa. Shatin haƙora ne kewaye da shi, ƙanana, a jere. Ya dubi ramammen wuyan yarinyar, ya kau da kai.

“Rana ta narkad da shi, ɗiyata?”

“I, rana ce.”

“To, ranar bana ba ta da kirki. Ga wani.”

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ce, me ya hana ya raba musu ƙaron kawai? Ai a lokacin magidanci ya gwammace ya sa a ɗora tukunyar ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, da a ce ɗansa ya miƙa hannu ga mai liƙin roba. Yaron da aka kama ya karɓi sadaka a kasuwa, jikinsa zai gaya masa a gida. Amma alƙalami kayan karatu ne, ba uban da zai hana. Daga ranar Ɗan Azumi ya koma zubawa a famfon keke, don ƙotar ta fi kauri, yana ƙara garin ƙuli-ƙuli daga abin da za a ci a gidansa.

Ana nan kumandan da ke mulkin yankin ya zo rangadi da sojojinsa, ya tarar rabin aji ba abin rubutu, ya wanke Mushe Rufa'i tas a gaban ɗalibansa. Ran kasuwa malamin ya zo ya watsa guntaye a gaban Ɗan Azumi.

“Kai ne gwanin? Ka sa an ci mutuncina. Alƙalamin da ba ya kwana uku!”

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kalma ɗaya za ta wanke shi, amma ita ce za ta tona asirin gidaje talatin, ta kuma jawo wa yaran bulala. Ya tsince guntayen, sunan Kwana-Uku kuwa ya bi shi. Sai dai abin ya ci masa rai, ya ci sosai. Ya koma gida ya narka tsofaffin bokitai, ya ɗura a bututun, ya fito da ƙotocin roba waɗanda ko guduma sai ta yi da gaske. Mushe ya yaba. Kwana goma sha biyar Ɗan Azumi yana tafe da kai a sama.

Ran na sha shida Hamsatu ta zo ta tsaya, alƙalamin roba a hannunta ko ƙwarzane babu.

“Baba, wanga ba ya ƙarewa.”

Ya tambayi ƙawarta Ladi, wadda kullum suke zuwa tare. Ta ce Ladi ta faɗi a hanyar lakwal, tun ranar ba ta koma ba, jiya kuma iyayenta sun ɗaure kaya sun yi kudu. Har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Kai ne, Ɗan Azumi, ka tashi a take ka ɗora gwangwanin ƙaro. Kai ne ka je ka ce wa Mushe roba ta ƙare, alhali ga ta jibge a bayan ɗakinka. Ka ci gaba da zuba alƙaluman da ka san ba za su kwana uku ba, har damina ta dawo. Masu bokiti suka koma wajen wani, ana nuna ka da baki, jikokinka ma aka ce jikokin Kwana-Uku. Ba ka taɓa buɗe baki ba, mai rufa asirin gari da rigarsa ɗaya.

Yaran da suka tsotsi alƙaluman nan sun girma, wasu da furfura. Kowa ya san abin da ya ci, kowa ya yi gum, don ba mai son a ce yunwa ta taɓa shiga gidan ubansa. Mushe Rufa'i ya rasu bai sani ba. Sai watan jiya, da aka ji tsohon zai ajiye aiki, Hamsatu, wadda yanzu ungozoma ce a Tasawa, ta zo ta durƙusa a gindin bedi ran kasuwa, ta faɗi komai da ƙarfi, tana kuka. Maza manya suka sunkuyar da kai. Aka shiga neman gafararsa.

Ya daɗe yana juya wani bututu a hannunsa.

“Ku tashi, ba ku yi mini komi ba,” ya ce. “Ni kwana sha biyar ɗin nan na roba nike nema ma gahwara. Don sunana na yi su. Da ban yi ba, ƙila Ladi na nan cikinku.”



Mun gode, Baba, godiyar da ta makara shekara arba'in. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka zuciya a kan kwanakin da kai kaɗai kake ƙirgawa. Ku kuma masu karatu, in kun ga mai buƙatar da kunya ta ɗaure wa hannu, ku nemo hanyar ba shi yadda ba zai sunkuyar da kai ba, ko da bututun magani ne. Tsohon yana nan da ransa, gida na uku bayan masallaci. In kun je gaishe shi, ku yi sallama da sunan da mahaifiyarsa ta san shi da shi. Ɗan Azumi ne.