Ranar da Na Ba Malam Tsohuwar Lamba

Shekarar da aka kafa waifai a sakandaren da nake koyarwa, arewa da Babura, ni aka damƙa wa lambar sirri, don ni ne malamin kwamfuta. A garin nan waya sai ta yi ta kamo sabis ɗin Nijar, don haka duk mai son intanet dole ya biyo ta kaina. Kaina kuwa ya kumbura.

Cikin malamai akwai wani dattijo mai koyar da lissafi, wanda ni ma ya koyar da ni a nan. Ya taɓa sa ni tsallen kwaɗo a gaban 'yan mata, daga aji har bakin rijiya. Ni kuma ba na mantuwa.

Sai aka ce kowane malami ya cike fom ɗin tantancewa ta intanet kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba a cire sunansa daga ma'aikata. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Nauyin roƙon ɗalibinsa ya hana shi zuwa sai ranar ƙarshe, da wayar 'yarsa a hannu.

Ya ce, "Malam ƙarami, a taimaka min da lambar nan."

Na rubuta masa tsohuwar lamba, wadda na canza tun makon jiya. Da ya dawo ya ce ta ƙi, na ce, "Ai Malam sai an je gindin sandar waifai ɗin, a ɗaga wayar sama."

Sandar tana tsakiyar filin taro, ko inuwar kara babu. Ya tsaya hannu a sama, babbar riga tana zame masa, ɗalibai suna leƙe ta taga suna ƙyaƙyatawa. Niyyata rabin awa ce. Amma wallahi daɗi ya kwashe ni. Lokacin da na fita da lambar gaskiya, azahar ta wuce, shafin fom ɗin ya rufe.

Aka cire sunansa.

Bayan damina na gan shi a tashar Kazaure, ya rame, yana rungume da takardu, zai sake komawa Dutse neman a mayar da shi. Ya riƙe hannuna, ya ce da mutumin da ke kusa da shi, "Ɗalibina ne. Ranar nan shi kaɗai ya tsaya min, abin ne ya ƙi."

Na ce, "Allah ya kai ku lafiya, Malam," na zare hannuna.