Adda Shatu da Ƙwaryar Aro

Adda Shatu takan gama shara kafin rana ta ɗaga, ta dama wa jikokinta koko, sannan ta yaye ƙyallen da take rufe keken ɗinkinta da shi. Ranar gwajin wasa kuwa sai ta ɗaure ƙunshin kaya, ta hau acaɓa daga Roni zuwa Kazaure, dutsen guga na gawayi a kan cinyarta. A can bayan labule ake samunta, allura soke a bakin mayafi, tana gyara wa wannan ɗamara, tana ɗinke wa wancan hammatar riga. Haka ta yi shekaru da 'yar ƙungiyar wasan daɓe ta garin. Ba ta taɓa hawa dandamali ba, ko a lokacin da 'yan wasa ke jeruwa ana tafa musu.

Ƙungiyar ba ta da kayan kanta da yawa. Yawancin abin da 'yan kallo ke gani na aro ne: zanen saƙin kakar wani, tsohuwar taguwa, malafar da ta sha rana. Adda Shatu ce mai arowa. Mutum yakan hana shugaban ƙungiya, Malam Jalaluddeen, amma ya ba ta, domin an san yadda ta ɗauka haka take maidowa, a wanke, a ninke.

Da aka gayyace su yin wasa a wasu biranen Jamus, labarin na wata mai tallar nono ne, kuma ana bukatar tsohuwar ƙwarya. Akwai irinta a wata ruga kusa da Gwiwa, wurin Inna Saude. Ta mahaifiyarta ce, ta yi ja saboda daɗewa, da ɗinkin gyartai a gefe. Inna Saude ta ce ko kasuwa ba ta zuwa da ita, balle ƙasar da ba ta san gabas ɗinta ba. Adda Shatu ta zauna har aka gama tatsa, sannan ta ce a wuyanta, da hannunta za ta dawo da ita. A kan wannan maganar aka ba ta.

A tafiya ba a sha wahala ba. Kowa akwati ɗaya aka yarje masa, kuma akwatunan 'yan wasa rabinsu iska ne, sai aka rarraba musu kayan wasa. Ƙwaryar ce kaɗai Adda Shatu ta naɗe a zane ta rungume. Suka yi makonni suna yawo gari gari. Ita kuwa abin da ta sani na Jamus bai wuce ɗakunan canza kaya ba, da wata kasuwa da ta shiga ta sayi tsaraba: rigar sanyi ta maigidanta, takalman jikoki, turaren maƙwabta, da wani almakashi mai nauyi irin wanda ta daɗe tana so.

Ran komowa akwatin kowa ya cika da tsarabarsa. Tun da safe 'yan wasa suka riƙa ajiye mata kayan wasa a ƙofar ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsayawa a gaisa. A filin jirgi mai awo ta ce kayanta sun yi yawa, sai an rage. Malam Jalaluddeen ya kawo shawara: ga wata baturiya, cikin masu masaukinsu, da ta rako su, ta daɗe tana roƙon a bar mata saƙin da ƙwaryar don a kafe su a gidan wasansu. A bar mata, in an koma sai a saya wa masu kayan sababbi a kasuwar Babura.

Adda Shatu ta ce, "Malam, ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Da wane baki za mu bayar?"

Ta durƙusa a tsakiyar mutane ta buɗe akwati. Ta fitar da rigar sanyin, da takalman, da turaren. Aka sake awo, da saura. Ta ɗan juya almakashin a hannunta, sannan ta ɗora shi a kai. Ta tura wa baturiyar duka, ta ce a faɗa mata ta ba mabukata. Waɗanda suke wurin sun ce a lokacin kowa ya sami abin dubawa a wayarsa.

A cikin jirgi ta ƙi yarda a sa ƙwaryar a ma'ajin sama. Lado, mai fitowa a sarkin barkwanci, ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Adda, wai tikiti ɗaya kuka yanka ke da ita?"

Ta ce, "Ta fi ka natsuwa dai, Lado. Ɗazu da jirgi ya girgiza ban ji ta tana kiran iyayenta ba."

Da aka kawo abinci ba ta sami inda za ta ɗora faranti ba, sai ta ce ta ƙoshi. Haka suka sauka Kano. A Kazaure an tare su da kiɗa, ana ɗaukar hoto. Ita ta zame ta hau acaɓa, ba Roni ta nufa ba, Gwiwa.

Inna Saude ta kwance zanen, ta juya ƙwaryar, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ƙwanƙwasa ta kasa kunne. Ba ta yi godiya ba. Ta ɗauraye ta, ta zuba kindirmo ta miƙa mata. Sai da Adda Shatu ta sha sannan tsohuwar ta tambaye ta ko a can ma suna da shanu.

A Roni jikoki suka zagaye akwatin, aka buɗe, ba komai sai tsofaffin zannuwan mutane. Maigidanta, Malam Daudu, ya ce Allah ya kawo ta lafiya, ya isa. Maƙwabta kuwa sun daɗe suna maganar matar da ta je Turai ta dawo ko alewa babu. Ba ta taɓa ba su bayani ba.

Ke ce, Adda, wadda ake ba aro ba a kira shaida. Ke ce kika sa tsofaffin Roni da Gwiwa suke buɗe adakarsu idan an ce wasa za a yi. Tafin da aka yi wa 'yan wasa a ƙasar mutane, cikin kayan da kika aro aka yi musu shi.

Yanzu idonta ba ya ganin kafar allura, ta ajiye aiki. A taron sallamar da aka yi mata makon jiya, Malam Jalaluddeen ya miƙa mata almakashi sabo, bai yi dogon jawabi ba. Ta gwada shi a bakin wani ƙyalle, ta ce yana da ci. Sai ta tambaya na wane ne, kuma yaushe ake son ta maido da shi.

Lado ya ce, "Adda, wannan ba na aro ba ne."

Mun gode, Adda Shatu. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya. Mu kuma 'yan ƙungiya da muka rage, duk wanda kayan wani ke kwance a ɗakinsa, ya fito da shi yau, ya wanke, ya kai da hannunsa.